Duriyanka Na Nan Lafiya

Ranar da na dawo ƙauyenmu daga jami'a a Padang, da kwalin digiri a cikin leda da kwamfuta a goye, ban ko gama cire takalmi ba aka miƙo mini waya. Mamak Bakhtiar ne, yayan mahaifiyata, daga Pekanbaru inda yake da gidan abinci. A wurinmu uba shawara yake ba ka, kawu ne ke yanke magana.

"Hendrizal, an gama?"

"An gama, Mamak. Sakamakon ma ya yi kyau ƙwarai."

"Madalla. Mai wanke mana kwanuka ya yi aure ya tafi. Ka biyo motar Asabar."

Na ce masa cikin ladabi ai kasuwancin zamani na karanta. Ya ce shi ma kasuwanci yake yi, kuma daga bakin famfo ya fara. Na ce ina da tsare-tsare a kaina waɗanda in na fara zayyano su katin wayarsa zai ƙare. Ya ce to kada in fara. Na roƙe shi ya bar ni lokacin duriyan na bana kawai, wato ɗan itacen nan namu mai ƙaya da ƙarfin ƙanshi, in nuna masa abin da ilimi ke yi. Ina jin ƙarar cokula a bayansa.

"Na ba ka," ya ce. "Ranar da ɗa na ƙarshe ya faɗo daga bishiyar gidanku, in ba ka tsaya da ƙafarka ba, ka taho da kayan da ba ka jin tsoron su jiƙe."

Bishiyar tana bayan gari, cikin gonar koko da ayaba da kwakwa. Ta girmi duk wanda ke raye a danginmu, ta kuma fi hasumiyar masallaci tsawo. Bana ta yi 'ya'ya har rassan na nishi, kowane ɗa kamar kan ƙaton mutum, ƙaya ta ko'ina. Duriyan ba a tsinkarsa. In ya nuna, shi zai sako kansa, kai dai ka tabbata ba ka ƙarƙashi. Bishiyar kuwa ta mata ce, kamar gidan da gonar da komai. Mahaifiyata, da muke kira Amak, ita ce babba, sai ƙannenta biyu, Etek Ros da Etek Yus. Kwana-kwana suke yi. Abin da ya faɗo a ranarki naki ne, ko ɗaya ne ko buhu, ba mai cewa uffan.

Wannan duk na san shi tun ina yawo ba wando. Sai dai a tsarin da na zana a kwamfuta babu gurbin da za a rubuta Etek Ros, shi ya sa ban rubuta ta ba.

A shagon kofi na bakin gada na fara bayyana wa jama'a shirin, don na ga suna bukatar wayewa.

"Mutumin birni," na ce, "yana sayen duriyan a bakin titi bai san asalinsa ba. Ni zan buɗe shafi a intanet. Ya shiga, ya ga bishiyar, ya zaɓi ɗan da yake so tun yana rataye. A sa masa suna. Kullum yana ganin hotonsa yana girma. Ranar da ya faɗo in sa a mota in aika, ya karɓa ya biya."

Ajo Kutar, wanda ke yawo da birinsa a bayan keke yana tsinkar wa mutane kwakwa, ya ajiye kofinsa.

"Wato za su zaɓi abin da ba su sunsuna ba."

"Shi ne zamani, Ajo."

"Shi kuma duriyan ɗin an gaya masa?"

Aka yi dariya. Na bar su, don a jami'a an koya mana cewa duk sabon tunani sai an yi masa dariya. Ba a dai gaya mana cewa wani lokaci masu dariyar ke da gaskiya ba, wataƙila ranar ban shiga aji ba.

Sabis mai ƙarfin da zai ɗauki aikin kwamfuta a ƙauyenmu a tsakiyar gada kawai yake tsayawa, saboda haka a can na kafa ofis. Na ɗora kwamfuta a kan bokiti, na rufe kaina da zanen Amak saboda rana, masu babur na wucewa suna yi mini hon, wasu na jefo mini 'yan kuɗi sadaka. Cikin 'yan kwanaki shafi ya tashi. Na sa masa suna Duriyanka. Kore da ruwan ɗorawa, da taswirar da za ta kawo mutum har gindin bishiya, da hotona a rigar kammala karatu na dafa kututturen, an rubuta a ƙasa: Shugaba kuma Mamallaki.

Na nuna wa Amak tana kankare kwakwa. Ta matso da wayar, ta nisanta ta, ta sake matsowa.

"Mamallakin me?"

"Kamfanin, Amak. Zan sa bishiyar a intanet."

"Sa ta mana, in dai za ka bar ta inda take." Ta ci gaba da kankara. "Rigar ma da ka tsaya da ita haya ce."

Na ɗauki wannan a matsayin amincewar masu hannun jari.

Abin mamaki, mutane suka shigo. Malaman makaranta, ma'aikatan banki, wani mai gyaran waya, kowa ya zaɓi nasa. Mafi girma a bishiyar wata likitar haƙori a Padang ta ɗauka, Dakta Wirda, ta ce na 'yarta ne. Na koma shagon kofi na juya wa Ajo Kutar fuskar waya. Ya tambaya nawa suka bayar. Na ce sai duriyan ya faɗo za su biya. Ya ce ashe har yanzu shi zai biya mini kofi.

Saura sa suna. Ni kuwa hawan bishiya ba ya cikin darussan da na ɗauka. A nan ne basira ta zo mini ina kallon birin Ajo, wanda ake kira Komandan, yana zaune a kan keke yana neman ƙwarƙwata a gwiwarsa.

"Ajo, birin nan yana hawa ko'ina?"

"Ko'ina."

"Zai ɗaura ƙyalle a jikin ɗan itace?"

"Komandan abu ɗaya ya iya, Hen. Ya iya shi sosai, amma ɗaya ne."

Na ce ai ma'aikaci horo yake bukata. Na sayo ƙyallaye na rubuta sunaye, na zaunar da Komandan a gaban gwanda, na nuna masa yadda ake zagayawa a ƙulle. Ya zuba mini ido kamar ɗalibin kirki. Na maimaita. Ya miƙo hannu ya karɓi gwandar ya cinye. Na ce wa Ajo alama ce ta ya fahimta.

Muka je gona. Aka sa masa ƙyallen mai gyaran waya a baki, aka saki doguwar igiyarsa, ya haye kamar ana jansa. Da ya isa reshen farko ya tofar da ƙyallen, ya dubi duriyan ɗin, ya kama mariƙin ya fara murɗawa da ƙafa yana gatsa da haƙori, daidai yadda yake yi wa kwakwa. Tim. Ɗanye shar, ko ƙanshi babu. Na yi ihu ya bari. Ya matsa gaba. Tim. Na fizge igiyar daga hannun Ajo na ja da ƙarfi don ya sauko.

"Kada ka ja," Ajo ya ce, bai ko ɗaga murya ba. "In ka ja, cewa ka yi na kusa da shi ma."

Na riga na ja sau uku.

Ranar ta Etek Ros ce. Tana daga rumfar gadi ta ji ƙarar faɗuwa a jere, ta taho da kwando tana hamdala, ta tarar da ni da biri da tulin ɗanyen duriyan. Etek Ros gajera ce, amma in ta riƙe ƙugu sai ka ga ta cika gona.

"Hendrizal. Wa ya haifi wanda ya aiki biri kan duriyan?"

"Yayarki, Etek."

"Ita ma zan je mata. Tun kakar kakata ba a taɓa tsinkar ɗa ɗaya a bishiyar nan ba. Sai da aka kai mutum jami'a."

"Gwaji ne, Etek. Kowane kamfani yana gwaji."

"To kamfani ya kwashe ya kai mini gida. A ka."

Kwana da kwanaki miyar ɗanyen duriyan ake ci a gidaje uku, kuma duk wanda ya kai loma sai ya ambaci sunana.

Na sallami Komandan, na sake tsari. Na haɗa gora uku na ɗaure su baki da baki, na maƙala burushi a ƙarshe, na sayo jan fenti. Daga kan tsani nake miƙawa in rubuta harafin farko na sunan kowa. Rubutu a kan ƙaya daga nesa haka, fuskarka a sama, yana da sharaɗi guda: rabin fentin a kanka yake ƙarewa. Da na biyo ta gada da yamma, mai shagon kofi ya fito da gudu yana tambaya wa ya fasa mini kai. Ajo ya ce a kwantar da hankali, ilimi ne ke tsiyaya.

Amma aiki ya yi. Hotuna suka hau shafi. Dakta Wirda kullum da safe sai ta turo saƙo tana tambayar lafiyar nata, saura ma suka koya. Da na gaji da amsawa, sai na saita shafin ya riƙa tura wa kowa saƙo da kansa kullum da hantsi: Duriyanka na nan lafiya. Na zauna a kan gada ina jin wayata na aiki ni ina hutawa, na ce a raina Mamak zai nemi wani mai wanke kwanukan.

Duriyan na farko da ya nuna ya faɗo, na Dakta Wirda ne. A ranar Etek Ros.

Na iso rumfar gadi a guje na tarar ta riga ta fasa shi. Tana zaune ta miƙe ƙafa, ga shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba, ga ɓawon a gefe da jan harafina a jiki.

"Etek, wannan yana da mai shi."

"Ga ta nan tana ci."

"Likita ce a Padang. Ta zaɓe shi tun yana ƙarami."

"Ni na zaɓi ranata tun ba a haife ta ba." Ta lashe yatsa. "Likitar me?"

"Haƙori."

"To ka gaya mata ba ya bukatar tauna."

Daidai lokacin wayata ta yi ƙara a aljihu, alamar saƙon hantsi ya tafi. Can a Padang wata yarinya tana murna duriyanta na nan lafiya, ni kuma ina kallon ƙwallonsa na ƙarshe yana fitowa daga bakin Etek Ros.

Na zauna na yi nazari irin na masana. Matsalar ba Etek ba ce. Matsalar ita ce kayan suna faɗowa ba bisa jadawali ba. Cikin kwana uku, ɗaya ne namu. Idan har za a iya sa su jira ranar Amak, an gama.

Na hau babur na tafi bakin teku na aro tsohon taru a wurin wani masunci, kore mai duhu, na ce masa kifin sama zan kama. Ranar Amak ni ake tura gadi, ba kowa a gonar sai ni. Na kafa tsani a jikin itatuwan kwakwa huɗu da ke kewaye da bishiyar, na shimfiɗa tarun a sama, can bisa kan itatuwan koko inda ganye ya rufe shi ruf. Kusurwa uku na ɗaure tamau. Ta huɗu na sauko da igiyarta bayan wani kututture na yi mata ƙullin zarge, irin wanda ja ɗaya ke kwancewa. Daga ƙasa ko ni da na ɗaura sai na ƙura ido nake ganinsa. Na tsaya ina kallon aikina, har na ji tausayin ƙauyen da bai san wa yake da shi ba.

Ranar Etek Ros ba abin da ya taɓa ƙasa. Ranar Etek Yus ma haka. Sai dai akwai abin da ban sa a lissafi ba: nunannen duriyan ba ya ɓoye kansa. Ƙanshi ya cika gona. Etek Ros ta wuni tana zagaye da sanda tana ɗaga busassun ganye, hanci a sama kamar mai neman inda gas ke fita.

Da ranarmu ta zagayo na sassauta igiyar a hankali, suka gangaro ɗaya bayan ɗaya. Na mayar da tarun, na cika buhu biyu na ɗaure a babur. Hanyar gidanmu ɗaya ce, kuma ta ƙofar Etek Ros ta bi.

Ban gama sauke buhunan ba Etek Ros da Etek Yus suka shigo.

"Uni," Etek Ros ta ce wa Amak, kamar yadda ake kiran yaya mace a wurinmu, "ashe bishiyar ta fara sanin babba da ƙarami."

"Me kike nufi, Ros?"

"Ba na nufin komai. Kwana biyu muna shaƙar iska, ke kina cika buhu. Ko akwai malamin da kike zuwa wurinsa ne ki kai mu?"

Amak ta ajiye wuƙar hannunta. Aka tono maganar wani zoben kakarmu, aka tono ta wata akuya da ta mutu kafin a haife ni. Suna yi suna fasa duriyan ɗin da ke buhu, wai don a duba ko da wani abu a ciki. Na malamin makaranta ya tafi, na ma'aikacin banki ya bi shi. Ina tsaye ina kallon kayan kamfani na ƙarewa a matsayin shaida. Sai na ga Amak ta juyo tana kallona, irin kallon da take yi kafin ta gano abu. Bakina ya riga hankalina.

"Wataƙila Inyiak ne."

A wurinmu ba a kiran damisa da sunanta, Inyiak ake cewa, kamar yadda za ka kira kakanka, kuma kowa ya san tana son duriyan.

"Inyiak ya san kalanda ne?" in ji Etek Ros. "Ya ci ranata, ya ci ta Yus, ya tsallake ta uwarka?"

"Ai ita ce babba, Etek. Kunyarta yake ji."

Na zaci za ta jefe ni da ɓawo. Amma Etek Yus, wadda ko ƙadangare ya motsa sai ta yi salati, ta riga ta dafe ƙirji. Kafin la'asar labari ya gama gari. Wani ya ga sawu a bakin rafi. Wani akuyarsa ta ƙi cin abinci. Mai unguwa ya sa aka buga ganga aka yi shela: ba mai shiga gonar, babba ko yaro, sai an ga abin da hali ya yi. Aka kafa gora a bakin hanya, aka sa matasa gadi da adduna.

Ni da na ƙirƙiro damisar, ni ta fara ci. Taru na can sama yana karɓar kaya dare da rana, ba mai sauke shi. Na je na ce wa masu gadi zan shiga in ɗauko tsanina, suka ce ran mai digiri ya fi tsani. Ƙanshi ya tashi daga gona ya shigo gari, daga baya ya fara juyewa zuwa wani abu daban. Ajo Kutar ya ce ya wuce ta gefen gonar ya ji gurnani daga sama, ƙiiii, ƙiiii. Jama'a suka ce Inyiak ya hau bishiya. Ni kaɗai na san kukan igiya ne.

Ga kuma wata. Tun farko na rubuta a shafin cewa ranar Lahadi ta tsakiyar lokaci kowa na iya zuwa ya gaisa da duriyansa. Lahadin ta matso. Na hau gada na rubuta sanarwa da manyan haruffa: Kada kowa ya zo, damisa ta shiga gonar. Don a yarda, na haɗa da hoton sawun bakin rafi, wanda na tabbata na karen mai unguwa ne.

A jami'a mun yi zango guda muna koyon yadda ake sa sanarwa ta bazu. Ban taɓa yin nasara ba sai wannan karon.

Ranar Lahadi tun da sassafe motoci suka fara tsallako gada. Masu duriyan sun zo, waɗanda ba su da duriyan sun ninka su. Ɗalibai a kan babura, wata ƙungiyar masu ɗaukar hoton tsuntsaye da kyamarori kamar bututu, mai tsire ya kafa murhunsa, mai balan-balan ya zo da masu zanen damisa. Duk taswirata suka biyo. Dakta Wirda ta fito daga mota riƙe da hannun 'yarta, ta gane ni daga hoto.

"Kai ne Mamallaki?"

Etek Ros na tsaye a bayana. Na ce, "Ana dai faɗa."

Sai ga wata farar mota sabuwa fil, ledar kujeru ma ba a cire ba, tana raba taron da hon. Etek Ros ce ta kira Mamak Bakhtiar ya zo ya raba rigimar 'yan'uwansa. Ya sauke gilashi ya dubi gorar da aka gitta.

"Damisa," ya ce. "A gonar da babur ke wucewa kullum. Ku ɗage mini wannan."

Ba mai musu da Mamak. Aka ɗage, ya shiga da motar, jama'a suka bi shi a baya suna tafiya a kan yatsu. Ya zagaya yana neman inuwa, ya samu mafi kyau a gonar, ƙarƙashin itatuwan koko, ya kashe mota. Na ɗaga kai. Ta tsakanin ganye na hango cikin tarun ya zazzago kamar na saniya mai shirin haihuwa.

"Mamak, da ka matsar da ita can."

"Don me?"

"Inuwa tana ɓata fenti."

"A jami'a aka gaya maka?"

"Ana bincike a kai."

Ya wuce ni. Aka shimfiɗa tabarmi a bakin rumfar gadi, nesa kaɗan, 'yan'uwa mata uku suka zauna kowacce ta kalli gabas ɗinta. Baƙi suka yi da'ira, wayoyi a sama. Mamak ya fara da sunan Allah, ya ambaci kakanni, yana shirin shiga maganar sai iska ta kaɗa.

Ƙiiii.

Taron ya watse. Mai tsire ya bar murhunsa, Etek Yus ta haye gadon rumfa, ɗaya daga masu hoton tsuntsaye ya faɗa rafi da kyamararsa. Mamak bai motsa ba. Ya karkata kai yana saurare, ya tashi ya bi sautin a hankali, ya zagaya bayan wata kwakwa. Ya tsaya.

"Hendrizal."

"Na'am, Mamak."

"Inyiak ɗin naku yana ɗaura igiya?"

"Mamak, kada ka..."

Ƙullin nan na yi shi da kyau. Ja ɗaya.

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba. Ka ɗauka an juye motar duwatsu a kan rufin kwano, sannan aka bi da ruwan kunu. Waɗanda suka yi kwanaki a sama suka fashe, sababbin suka yi tsalle suka gangara ta ko'ina. Ƙararrawar motar ta kama kuka, ta yi ta yi, ta shaƙe. Tarun ya sauko a hankali daga baya ya lulluɓe ta, kamar an ja wa mara lafiya bargo. Rufin ya lotsa har ya kusa taɓa kujeru.

Ba wanda ya ji rauni. Mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Wani duriyan mai jan harafi ya gangaro ya tsaya a ƙafar ma'aikacin banki. Sai wayoyi suka yi ƙara, nan da can, a aljihu da jakunkuna, duk a tare. Hantsi ya yi. Mai gyaran waya ya ciro tasa ya karanta da ƙarfi, yana kallon abin da ke tsiyaya daga gilashin motar Mamak.

"Duriyanka na nan lafiya."

Ajo Kutar ne ya fara dariya, ya durƙusa yana riƙe da ciki. Daga nan gonar ta ɗauka. Har matasan gadi suka zubar da adduna suna dariya.

Dakta Wirda ta bi ta cikin tarkacen tana juya su da ƙafa. "Ina namu? Babban nan."

"Mai jan harafi kamar ƙafar kaza?" in ji Etek Ros. "Tun tuni. Hannunki na da kyau, 'yata, duk bana ba a yi mai zaƙinsa ba. Zo ki zauna, a kawo wa yarinyar nan shinkafa."

Ranar ta Etek Yus ce, saboda haka duk abin da ya taɓa ƙasa nata ne, har da na kan mota. Ta sauko daga gadon rumfa ta gyara mayafi, ta ce baƙo ba ya barin gonarsu da yunwa. Aka fasa masu kyau a kan ganyen ayaba, kowa ya ci na wani. Amak da Etek Ros suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna miƙa wa juna, sun sami abin da ya haɗa su, wato ni.

Mamak bai ci ba. Ya daɗe yana zagaya motarsa, ya ciro wata ƙaya daga madubi ya duba ta, sannan ya yafito ni.

"Je ka haɗa kaya."

Na ɗaga kai sama don neman agaji, kuma na samu. Can a ƙololuwa, inda gorata ba ta taɓa kaiwa ba, akwai ɗa guda rataye.

"Mamak, alkawari fa. Cewa ka yi sai na ƙarshe ya faɗo. Ga ɗaya can. Ƙarami ne, zai yi makonni. Kuma yanzu an san sunan kamfanin a ko'ina, ka dubi jama'ar nan. Ina da wani tsari, wanda in aka..."

Mamak ya kalli sama. Mutum ne mai riƙe magana, na ga abin ya tsaya masa. Ya juya wurin tabarma.

"Masu bishiya, kun ji."

Matan uku suka ɗaga kai suka dubi ɗan. Suka dubi juna. Tun da nake ban taɓa ganin sun yanke shawara ba tare da an kwana ana yi ba.

"Ya faɗo," in ji Etek Ros.

"Ni ma na ji faɗuwarsa," in ji Etek Yus.

"Amak," na ce, "ga shi can kina gani."

Amak ta goge hannu a zaninta. "Bishiyar tamu ce, Hen. In mun ce ya faɗo, ya faɗo."

Mamak ya yaye tarun daga ƙofar baya, ya ja ta da ƙarfi har ta buɗe.

"A nan za ka zauna," ya ce. "Hanyar Pekanbaru da nisa. Ka tallafe mini rufin da kanka, tunda kan ya yi karatu."